Kwana Huɗu a Sasebo: Zangon Jirgin Enterprise na 1968

Duk wanda ya duba tarihin wani jirgin ruwan yaƙi na Amurka, irin wanda rundunarsu take rubutawa da kanta, zai tarar an jera garuruwan da jirgin ya yada zango cikin layi ɗaya ko biyu: ya bar gida ran kaza, ya tsaya tashar kaza kwana kaza, ma'aikata suka huta, ya tashi. Kamar dai madugu yana lissafin zangunan ayari. A irin wannan lissafi, zangon da jirgin Enterprise ya yi a garin Sasebo na ƙasar Japan bai wuce kwana huɗu ba, daga ran 19 zuwa ran 23 ga watan Janairu, 1968. Amma a wajen mutanen Japan waɗannan kwanaki suna da babinsu a littattafan tarihi. An fasa kawuna a cikinsu, an kai ƙara har kotun ƙoli, kuma tambayar da aka yi wa gwamnati a lokacin sai da aka shekara 42 kafin ta ba da amsar gaskiya. Wannan labari nake so in bi da mai karatu, domin a ganina babu inda za a fi gane ma'anar yada zangon irin waɗannan jirage kamar a nan. Wani dalilin kuma shi ne, waɗanda suka fi kowa taka rawa a wannan fage ɗaliban jami'a ne.

Bari mu fara da baƙon kansa. Enterprise jirgin ruwa ne mai ɗauke da jiragen sama, watau filin jirgin sama ne sukutum aka ɗora a kan ruwa. Tsawonsa mita 342, ya zarce filin ƙwallo uku in an jera su. Yana ɗaukar jiragen yaƙi kimanin 80, mutanen da ke cikinsa kuwa sun kai wajen 5,000, da matuƙa da makanikai da kuku da likitoci har da masu aski. Ya fara aiki a watan Nuwamba 1961, kuma shi ne na farko a irinsa a duniya da ba ya shan mai don tafiya. Tukwanen nukiliya guda 8 ne a cikinsa suke tafasa ruwa, tururin ya juya injuna. Don a nuna wa duniya abin da wannan yake nufi, a 1964 aka haɗa shi da waɗansu jirage biyu masu irin injinsa, Long Beach da Bainbridge, suka bi ta gaɓar Afirka ta Yamma suka kewaye duniya cikin kwana 65 ba su sha mai ko sau ɗaya ba. Daga watan Disamba 1965 kuma jiragen da ke kansa suka fara ruwan bama-bamai a Biyetnam. Fitar da ya yi daga tashar Alameda ta Kalifoniya ran 3 ga Janairu 1968 ita ce fitarsa ta uku zuwa wannan yaƙi.

To, jirgin da ya kewaye duniya bai nemi taimakon kowa ba, me zai kai shi tashar wata ƙasa bayan kwana 16 kacal da barin gida, alhali ma ya riga ya ratsa ta Hawai? Amsar da aka saba bayarwa tana da ƙamshin gaskiya. Inji ba ya gajiya, amma ɗan Adam yana gajiya. Yawancin ma'aikatan samari ne 'yan shekara 19 ko 20, suna kwana a gadaje masu hawa uku, suna aikin awa 12 ko fiye a dandamalin da jirage suke tashi da sauka dare da rana, ga shi kuma tun 1914 aka haramta shan giya a cikin jiragen ruwan yaƙin Amurka. In sun daɗe a kan teku tilas a sauke su su taka ƙasa, a sayi ɗanyen kayan abinci, a yi gyare-gyaren da ba su yiwuwa a tsakiyar ruwa. Amma fa jirgi irin wannan ba ya shiga tashar kowa sai gwamnati ta nemi izinin gwamnati, saboda haka kowane zango magana ce tsakanin ƙasa da ƙasa. A watan Satumba 1946, sa'ad da ƙasar Girka take gab da faɗawa yaƙin basasa, Amurka ta aika da jirgin Franklin D. Roosevelt ya tsaya a tashar birnin Atina, kuma babu wanda bai gane gefen da aka ɗauka ba. Shi dai wannan jirgi ne ya tsaya shan mai a Cape Town a watan Fabrairu 1967 a kan hanyarsa ta komawa gida daga Biyetnam, aka hana ma'aikatansa sauka saboda kukan da aka yi a Amurka cewa dokokin wariyar launin fata za su raba baƙaƙen sojoji da farare a garin. Daga nan aka daɗe jiragen yaƙin Amurka ba su ƙara yada zango a Afirka ta Kudu ba. Zuwa magana ne, ƙin sauka ma magana ne.

Maganar da aka zo yi a Sasebo sai mun koma baya kaɗan za mu ji ta. Japan ita kaɗai ce ƙasar da aka taɓa jefa wa bam ɗin nukiliya a yaƙi, Hiroshima ran 6 ga Agusta 1945, Nagasaki ran 9. Ba a gama jinyar wannan ba sai ga wani: ran 1 ga Maris 1954 Amurka ta gwada wani babban bam a tsibiran Bikini, tokarsa ta zubo wa wani jirgin masunta na Japan mai mutum 23, ɗaya daga cikinsu ya rasu bayan wata shida, kasuwar kifi ta mutu a ƙasar da kifi ne cimarta. Wanda maciji ya sara kuwa, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Shugabannin jam'iyya mai mulki da abokansu na Washinton suka laƙaba wa wannan tsoro suna, suka ce wani irin borin jini ne mutanen Japan suke fama da shi game da duk abin da ya shafi nukiliya. Wanda ya kira abu cuta kuwa ya riga ya yi niyyar magani, maganin da suka zaɓa shi ne a riƙa ɗanɗana wa majinyaci abin da jikinsa ba ya so kaɗan-kaɗan har ya saba. A watan Nuwamba 1964 jirgi mai nutso mai injin nukiliya na farko da ya zo Japan, Seadragon, ya shiga Sasebo. Aka yi zanga-zanga. Waɗansu suka biyo baya, zanga-zangar tana raguwa. A watan Nuwamba 1967 gwamnatin Firayim Minista Sato Eisaku ta amince a kawo babban.

Shi Sato yana da nasa lissafi, kuma ba na jin adalci ne a ɗauke shi ɗan amshin Shata kawai. Tsibirin Okinawa yana hannun sojan Amurka tun ƙarshen yaƙi, babban burinsa kuwa shi ne ya karɓo shi. A cikin watan Nuwamban nan ya je Washinton ya gana da Shugaba Johnson, ya samo alkawarin mayar da tsibiran Ogasawara, da kuma alkawarin za a tsayar da ranar mayar da Okinawa cikin 'yan shekaru. Ya san ba za a ba shi ba sai ya nuna Japan abokiyar da za a dogara da ita ce a yaƙin Asiya. A gida kuma, ran 11 ga Disamba 1967, ya tsaya gaban majalisa ya zayyana ƙa'idoji uku: Japan ba za ta mallaki makamin nukiliya ba, ba za ta ƙera shi ba, ba kuma za ta bari a shigo da shi ƙasarta ba. Mai karatu ya riƙe ta ukun nan da kyau. Bayan kwana 39 da faɗarta Enterprise ya shigo.

Garin da aka zaɓa ma abin dubawa ne. Sasebo yana cikin lardin Nagasaki, kimanin kilomita 50 daga inda bam ya faɗi. Ƙauye ne a da, sai rundunar ruwan Sarkin Japan ta ga zurfin mashiginsa ta kafa sansani a 1889, daga nan ne ma Admiral Togo ya tashi da jiragensa zuwa yaƙin Rasha a 1904. Sansanin ya haifi garin, shi ne kuma ya jawo masa wutar da jiragen Amurka suka zuba masa a ƙarshen Yuni 1945, wadda ta kashe mutum fiye da 1,000. Bayan yaƙi mutanen garin suka so su canza sana'a. A watan Janairu 1950 suka yi shelar garinsu zai zama tashar ciniki da zaman lafiya, ran 4 ga Yuni suka kaɗa ƙuri'ar amincewa da dokar da za ta mayar da kayan soja na farar hula. Bayan mako uku cif yaƙin Koriya ya ɓarke, Sasebo ya zama babbar mashigar sojoji da makamai zuwa fagen fama, Amurka ta riƙe wurare mafi kyau na tashar. Kuɗi suka shigo, mashaya da gidajen rawa suka cika unguwa guda. Zuwa 1968 ramukan kwal da ke kewayen garin suna ta rufewa, mutum wajen 250,000 suna ci daga masana'antar ƙera jiragen ruwa da sansanin da aljihun sojoji. Magajin garin, Tsuji Ichizo, bai yi jayayya da Tokyo ba. Mutumin da danginsa suka ƙone a Nagasaki, abincinsa kuma yana fitowa daga hannun baƙon, ba shi da amsa mai sauƙi, kuma ban ga dalilin da mu da muke nesa za mu yi masa gatse ba.

Su ɗalibai ba su da wannan nauyi a wuyansu. Ƙungiyarsu ta ƙasa, Zengakuren, ita ce ta ja gaba a boren 1960, lokacin da aka sabunta yarjejeniyar tsaro da Amurka, boren da ya ci ran wata ɗaliba, Kanba Michiko, ya hana Shugaba Eisenhower zuwa Tokyo, ya kuma tuɓe Firayim Minista Kishi, wanda yayan Sato ne uwa ɗaya uba ɗaya. Daga baya ƙungiyar ta rarrabu gida-gida. Ɓangarori uku masu zafin ra'ayi suka haɗa kai, suka fito da sabon salo: hular kwano a ka, tawul a fuska, doguwar gora a hannu. Ran 8 ga Oktoba 1967 suka gwabza da 'yan sanda a kusa da filin jirgin saman Haneda don su hana Sato tafiya Biyetnam ta Kudu, wani ɗalibin Jami'ar Kyoto, Yamazaki Hiroaki, ya mutu. A lokacin jaridu da jama'a ɗaliban suka ɗora wa laifi, aka riƙa kiransu 'yan tarzoma. Da wannan baƙin jini suka nufi Sasebo. Idonsu kuwa yana kan 1970, shekarar da wa'adin yarjejeniyar tsaron zai cika shekara 10 har kowane gefe ya sami ikon neman a warware ta.

'Yan sanda ba su jira su iso ba. Ran 15 ga Janairu, ɗalibai sun fito daga Jami'ar Hosei a Tokyo za su tashar jirgin ƙasa, aka tare su a unguwar Iidabashi aka kama 131. Washegari waɗanda suka tsira suka sauka a tashar Hakata ta birnin Fukuoka, aka sake far musu da bincike da duka. Suka kwana a Jami'ar Kyushu. Da safiyar ran 17 ɗalibai kimanin 800 suka sauka daga jirgin ƙasa a Sasebo, suka ruga a guje zuwa gadar Hirase, wadda take ƙetara kogin da ya raba gari da sansanin Amurka. A kan gadar an ja waya mai ƙaya, a bayanta ga 'yan sandan kwantar da tarzoma da aka tattaro daga larduna da yawa. Ɗalibai suka yi ta jifa suna ƙoƙarin yanke waya, 'yan sanda suna harba barkonon tsohuwa, suna fesa musu ruwan da aka gauraya da sinadari mai ƙona ido da fata, a tsakiyar hunturun Janairu. Har nan dai faɗa ne irin wanda aka saba gani. Abin da ya juya labarin shi ne abin da ya biyo baya. 'Yan sanda suka zagayo ta baya suka rufe su, suka shiga dukan wanda ya faɗi da wanda ya daina gardama, kulki bai bar 'yan jarida ba bai bar 'yan kallo ba. Asibitin gari yana dab da gadar, waɗanda suka gudu can aka bi su har ƙofa, hayaƙi ya shiga ɗakunan majinyata. Dubban mutanen gari suna tsaye suna gani da idonsu, sauran ƙasar kuma ta gani a talabijin da daddare.

Daga wannan rana iska ta canza. Ɗaliban da aka gargaɗi mutane su rufe ƙofa saboda su, sai ga shi sun tsaya a bakin titi sun kifar da hulunan kwanonsu ana zuba musu kuɗi. Ran 18 jam'iyyar 'yan gurguzu ta Soshalis da ta Kwaminis da ƙungiyoyin ƙwadago suka yi gangami a filin wasan gari, wanda masu shirya shi suka ce ya tara mutum wajen 50,000. Wani abin ban dariya, in da dariya a ciki, shi ne 'yan Kwaminis sun fi kowa ƙin a bar ɗaliban nan su shigo filin, don a wajensu 'yan tawayen aƙida ne. Har jam'iyyar Komeito ta mabiya wata ɗariƙar addinin Buda, wadda ba a san ta da hawa titi ba, ta yi nata taron. Aka ci gaba da karawa a gadar Sasebo ran 18 da 19 da 21, a ranar ƙarshen ma taron mutanen gari ya matso har ya zama shinge tsakanin ɓangarorin biyu, waɗansu ɗalibai 'yan ƙalilan suka ratsa kogi suka taka cikin sansanin kafin a kama su.

Duk wannan bai hana komai ba. Da safiyar Juma'a 19 ga Janairu Enterprise ya shigo mashigin tare da jirage biyu masu rakiya, Truxtun da Halsey, ya tsaya a tsakiyar ruwa, ƙananan jirage suna jigilar ma'aikatansa zuwa gaɓa, su sha giyarsu a bayan shingen 'yan sanda. Ranar ta yi daidai da cika shekara 8 da sa hannu a yarjejeniyar 1960. A nan ya kamata in ce wani abu game da samarin da ke cikin jirgin, domin sau da yawa akan manta da su. Wata uku kafin nan, a Oktoba 1967, jirgin Intrepid ya yada zango a Yokosuka kusa da Tokyo, ma'aikatansa huɗu suka sauka shan iska ba su koma ba. Wata ƙungiyar farar hula mai adawa da yaƙin Biyetnam, Beheiren, ta ɓoye su, ta fitar da su ta Tarayyar Sobiyet har suka isa Suwidin. Saboda haka a Sasebo jagoran ƙungiyar, marubuci Oda Makoto, ya yi hayar ƙaramin jirgi ya riƙa kewaya wannan dutsen ƙarfe da lasifika, yana kiran ma'aikatan da Ingilishi su bi sawun waɗancan huɗun. Kwamandan jirgi yana buƙatar zango don mutanensa su huta, amma a zangon ne kaɗai suke jin muryar da ba ta rundunarsu ba.

Tashin jirgin ya fi zuwansa koyar da darasi. Ya bar Sasebo da safiyar 23 ga Janairu ya nufi kudu. A ranar nan jiragen Koriya ta Arewa suka kama wani ƙaramin jirgin leƙen asirin Amurka, Pueblo, a kusa da tashar Wonsan, da mutum 83 a cikinsa, ɗaya ya mutu, sauran suka yi wata 11 a tsare. Nan take aka umarci Enterprise ya juya arewa zuwa Tekun Japan, ya yi wajen mako uku yana shawagi a can, duniya tana jiran ko za a sake yaƙi a Koriya. Yana can aka kai harin Tet a Biyetnam a ƙarshen watan. Sai a ƙarshen Fabrairu ya isa inda aka aike shi tun farko. A takarda, yarjejeniyar 1960 ta ce Amurka za ta shawarci Japan kafin ta kai hari daga ƙasarta, amma an fassara wannan da cewa jirgin da ya bar tasha tafiya kawai ya yi, abin da ya aikata bayan ya fita teku ba ruwan mai masauki. Sauran zangunan wannan fita kuwa a Subic na ƙasar Filifin aka yi su, inda babu gora babu hular kwano, sai garin Olongapo da ɗaruruwan mashayansa, da yaran da suke nutso cikin ƙazamin kogi a ƙarƙashin gada don tsintar kwabban da sojoji suke jefawa. Wannan ita ce fuskar zango ta yau da kullum, kuma ban tabbata ta fi ta Sasebo kyan gani ba. Jirgin ya koma Alameda a watan Yuli.

Yanzu sai mu koma kan tambayar da aka yi ta yi a majalisa da kan titi: shin akwai makaman nukiliya a cikin cikin jirgin? Amsar gwamnati ɗaya ce kullum. Yarjejeniya ta ce in Amurka za ta shigo da su sai ta shawarce mu, ba ta shawarce mu ba, saboda haka babu. Amurka kuwa al'adarta ita ce ba ta cewa akwai ba ta cewa babu game da kowane jirgi nata. Masu nazarin harshe za su so su ji inda gizo yake saƙa. Kalmar Ingilishin da aka rubuta, Amurka ta ɗauke ta da ma'anar a sauke makami a girke shi a ƙasa, don haka jirgin da ya tsaya kwana huɗu da kayansa a ciki wucewa kawai ya yi. Kalmar Japananci kuwa, mochikomi, tana nufin ka ɗauko abu ka shigo da shi ko da ba ka ajiye ba, kuma da wannan ma'ana ministoci suka riƙa tabbatar wa majalisa cewa ko tsayawa a tasha an hana. Ba kuskuren tafinta ba ne. Tun a Janairu 1960 ministan harkokin wajen Japan da jakadan Amurka suka sa hannu a wata takarda ta asiri da ta bar wannan ƙofa a buɗe, a Afrilu 1963 kuma jakada Reischauer ya zauna da minista Ohira ya warware masa yadda Amurka ta fahimci maganar.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne wata takarda mai kwanan wata 27 ga Janairu 1968, watau kwana huɗu bayan tashin Enterprise. Wani babban jami'in ma'aikatar harkokin wajen Japan, Togo Fumihiko, shi ya rubuta ta bayan jakadan Amurka na lokacin, Alexis Johnson, ya sake bayyana musu matsayin ƙasarsa. Abin da ta ƙunsa shi ne kowane gefe ya san fassarar ɗayan, kuma babu wanda zai tono. Da wannan takarda aka riƙa yi wa firayim ministoci da ministocin waje bayani ɗaya bayan ɗaya har ƙarshen shekarun 1980. Ke nan tun raunukan gadar Hirase ba su warke ba, manya sun riga sun rubuta wa junansu abin da suke musantawa a bainar jama'a.

Ramin ƙarya ƙurarre ne, amma wannan ya yi tsawo. A 1974 wani tsohon admiral na Amurka, Gene La Rocque, ya shaida wa majalisar ƙasarsa cewa jiragen da suke ɗaukar makaman nukiliya ba sa sauke su kafin su shiga tashoshin Japan ko na wata ƙasa. Maganarsa ta fito fili a watan Oktoba, a watan da aka ba da sanarwar Sato ya sami kyautar Nobel ta zaman lafiya, ƙa'idojin nan uku suna cikin dalilai. A Mayu 1981 Reischauer da bakinsa ya faɗa wa jaridar Mainichi haka abin yake. A 1989 aka gano cewa ran 5 ga Disamba 1965 wani jirgin sama ɗauke da bam ɗin nukiliya ya gangaro daga kan jirgin Ticonderoga ya nutse da matuƙinsa kimanin kilomita 130 daga tsibiran kudancin Japan, bayan kwana biyu kuma jirgin ya yada zango a Yokosuka. Duk da haka gwamnatocin Tokyo suka ci gaba da musu. Sai da mulki ya bar hannun tsohuwar jam'iyya, ministan waje Okada Katsuya ya sa kwamitin masana ya binciki akwatunan ma'aikatarsa, ran 9 ga Maris 2010 aka amsa cewa lalle an yi fahimtar juna ta asiri. A lokacin maganar ta riga ta huce, domin tun a Satumba 1991 Shugaba Bush na farko ya ba da umarnin kwashe irin waɗannan makamai daga jiragen da ke tafiya a kan ruwa.

Ba zan ce ɗaliban sun ci nasara ba. Jirgin ya zo, ya tafi ran da ya ga dama. Yarjejeniyar tsaro ta wuce 1970 ba ta girgiza ba. Ƙaunar da suka samu a Sasebo ma ba su iya riƙe ta ba: bayan 'yan shekaru ɓangarorin nan suka juya gorarsu a kan junansu, suka kashe 'yan'uwansu ɗalibai da dama a kan saɓanin aƙida, jama'a suka juya musu baya. Maganin Sato kuma ya ci, in an auna da abin da ya biyo. Okinawa ta dawo a 1972. A Oktoba 1973 jirgin Midway ya mai da Yokosuka gidansa dungurungum, baƙo ya zama ɗan gari. Enterprise ya sake zuwa Sasebo a Maris 1983, a 2008 kuma aka girke George Washington mai injin nukiliya a Yokosuka. Amma a kan tambayar da suka yi, su ne suke da gaskiya, ministocin da suka amsa musu kuwa sun san ba gaskiya suke faɗa ba. Akwai kuma abin da ya rage a doka. Rikicin tashar Hakata ya kai ga kotu ta umarci gidajen talabijin huɗu su miƙa fina-finan da suka ɗauka, suka ƙi, a Nuwamba 1969 kotun ƙoli ta yanke cewa tsarin mulki ya kare 'yancin ba da labari, ko da yake a wannan shari'a ta ce a miƙa. Ɗaliban lauya a Japan suna karanta wannan hukunci a aji. A Maris 1975 kuma majalisar birnin Kobe ta yanke cewa jirgin yaƙin da zai shiga tasharta sai ya kawo takardar shaidar ba ya ɗauke da makamin nukiliya, aka yi shekaru da yawa jiragen Amurka ba su leƙa can ba.

A Sasebo kansa, wata huɗu ba su cika ba, ran 6 ga Mayu 1968, na'urori suka nuna gubar nukiliya ta haura yadda aka saba a ruwan tashar, a kusa da jirgi mai nutso Swordfish. Amurka ta ce ba daga jirginta ba ne, masunta suka rasa masu sayen kifinsu. Tun kafin wannan, waɗansu mutanen garin, malamai da matan aure da ma'aikata waɗanda ba su cikin ɓangaren ɗalibai ko ɗaya, suka kafa wata 'yar ƙungiya suka sa mata sunan ranar da jirgin ya shigo. Daga Fabrairu 1968 suka fara fitowa ran 19 ga kowane wata, su bi ta tsakiyar kasuwar garin a ƙafa, ba gora ba jifa, su watse. An tsayar da Enterprise daga aiki a Disamba 2012 bayan shekara 51 a kan ruwa, a lokacin kuwa ba su fasa fitowa ba.